Ƙyanƙyasar ƙwan kaza a gida: yadda ake yi da inda ake samun matsala

Kwana 21 ƙwan kaza yake yi kafin tsako ya fito, ko a ƙarƙashin uwa ko a cikin injin ƙyanƙyasa. A tsawon waɗannan kwanaki abu huɗu yake bukata: ɗumi wanda ba ya hawa da sauka, laima daidai gwargwado, iska mai shiga da fita, da juyi. Kaza mai kwanci tana yin duka huɗun ba tare da an koya mata ba. Wanda ya sayi inji kuwa, aikin uwar ya dawo kansa. Kuma mafi yawan asarar da ake gani ranar ƙyanƙyasa ba a ranar ta faru ba. Tun makonni baya ta faru, wani lokaci ma tun kafin ƙwan ya shiga inji. Shi ya sa muke nanata cewa kada a dogara da lambar da ke jikin allon inji kaɗai. A riƙa duba ƙwan kansa, don shi ke nuna ainihin abin da ake ciki.

Zaɓen ƙwai da ajiyarsa

Ƙwan da ake sayarwa don ci daga gonar kajin ƙwai ba ya ƙyanƙyashewa, saboda ba a haɗa kajin da zakara. Dole ƙwan ya fito daga garken da ke da zakara lafiyayye, kamar zakara ɗaya ga kaji 8 zuwa 10. Idan kajin sun yi masa yawa, wasu ba zai kai gare su ba. Idan kuma zakarun ne suka yi yawa, faɗa zai ɗauke musu hankali daga barbara. Sabon zakara idan aka saka shi, a ba shi mako guda kafin a fara tara ƙwai. Idan aka cire shi, ƙwan kajin yakan ci gaba da ɗaukar ɗa har kusan mako biyu, domin kaza tana adana maniyyin zakara a jikinta.

A zaɓi ƙwai matsakaici, mai nauyin giram 52 zuwa 65 ga kajin da suka saba yin ƙwai irin wannan girman. A ajiye manya-manyan nan gefe, don sau da yawa gwaiduwa biyu ce a ciki kuma da wuya su kai labari. Haka mai dogon jiki, da mai kama da ƙwallo wanda ba a gane tsininsa, da mai ɓawo gautsi ko kaushi, da wanda ya yi tsagu ko da siriri ne kamar gashi. Tocila tana nuna irin wannan tsagun a cikin duhu.

Kada a wanke ƙwan ƙyanƙyasa. Ɓawon ƙwai yana da dubban ƙananan huji waɗanda ido ba ya gani, ta nan ɗan da ke ciki yake shaƙar iska. Lokacin da kaza ta saka ƙwai, tana lulluɓe shi da wani siririn rufi da ke hana ƙwayoyin cuta shiga waɗannan hujin. Ruwa yana wanke rufin, idan kuma ruwan ya fi ƙwan sanyi, abin da ke ciki yana tsukewa ya zuƙo datti zuwa ciki. Ƙwan da kashi ya ɗan taɓa, a kankare shi a hankali da busasshen ƙyalle. Wanda ya ɓaci sosai a haƙura da shi.

Wurin ajiya ya kasance mai sanyi-sanyi, tsakanin digiri 13 zuwa 18 a ma'aunin Salsiyos. Firji ya yi sanyi da yawa. Ɗaki mai zafi kuma ya fi haɗari, domin da zarar zafi ya haura digiri 24 ɗan tayin yakan fara girma a raunane, sai ya mutu a kwanakin farko. A jera ƙwan a kiret, tsini a ƙasa, gefe mai faɗi a sama, a riƙa ɗaga gefe ɗaya na kiret ɗin da safe, a ɗaga ɗayan da yamma. Kada ya wuce kwana 7 a ajiye. Daga nan kowace rana tana rage yawan waɗanda za su fito, bayan mako biyu kuwa faɗuwar tana da yawa. Ƙwan da aka yi doguwar tafiya da shi a mota, a bar shi ya huta awa 12 zuwa 24, tsini a ƙasa, kafin a saka shi.

Idan kaza ce za ta yi kwanci

Wannan ita ce hanya mafi sauƙi. Alamar kaza mai kwanci ba ta ɓuya: tana kwana a gurbi, tana kumbura gashi idan an matso, tana sara, gashin ƙirjinta ya zube. A gwada ta da ƙwai biyu ko uku na kwana 2 zuwa 3 a ga ko da gaske take. Idan ta zauna, a ba ta ƙwai 10 zuwa 12, ƙaramar kaza kuwa 6 zuwa 8, duka a rana ɗaya. Duk ƙwan da ya leƙo daga ƙarƙashin fikafikanta ya nuna an cika mata. Matsalar ita ce tana jujjuya su, yau wannan ne a waje gobe wancan, sai sanyi ya taɓa dukansu.

A yi wa kowane ƙwai alama da fensir, domin sauran kaji sukan shigo su ƙara mata sabo, shi kuma ba zai fito tare da na farko ba. Gara a keɓe ta, kuma da dare ake ɗauke ta idan za a canza mata wuri. A ajiye ruwa da abinci ɗan nesa da gurbin yadda sai ta tashi. Tashin minti 20 zuwa 30 a rana ba ya cutar da ƙwan. Babban abokin gabarta ƙwarƙwata da ƙuma ne, su ke tayar da kaza daga kwanci ana tsakiyar aiki, don haka a duba ƙarƙashin fikafikanta a yi mata magani tun kafin a ba ta ƙwai.

Shirya inji

A ajiye injin a ɗakin da zafinsa ba ya yawan canzawa, nesa da taga, inda rana ba ta dukansa kuma iska ba ta kaɗa shi. A kunna shi babu komai a ciki na tsawon awa 24. Injin da ke da fanka a ciki ana tsayar da shi a digiri 37.5 zuwa 37.8. Wanda ba shi da fanka, zafinsa hawa-hawa yake, sama ta fi ƙasa zafi, don haka ana auna shi daidai saman ƙwai kuma a nemi 38.3 zuwa 38.9.

Ƙananan injuna da yawa suna nuna lambar da ba ita ce gaskiyar abin da ke ciki ba, kuma kuskuren rabin digiri na tsawon mako uku ya isa ya ɓata aiki. A sa ma'aunin zafi na biyu a ciki, irin wanda ake auna zafin jikin mutum da shi, don an yi shi ne daidai wannan zangon. A auna tsakiya, a auna kusurwoyi. Ma'aunin laima ma ana gwada shi cikin sauƙi: a cika murfin kwalba da gishiri, a ɗiga ruwa har ya jiƙe ba tare da ya narke ba, a rufe shi tare da ma'aunin a cikin roba mai murfi na awa 8 zuwa 12. Ya kamata ya nuna kashi 75 cikin 100. Idan ya nuna 68, an san yana rage 7, sai a riƙa ƙara masa a lissafi.

Ƙwan da ya fito daga wuri mai sanyi a bar shi ya sha iskar ɗaki na wasu awoyi, in ba haka ba zai yi gumi a cikin inji, gumin kuma hanya ce ga ƙwayoyin cuta. Bayan an saka ƙwai zafin injin zai faɗi. Kada a taɓa maɓallin, zai dawo da kansa cikin 'yan awoyi. Masu ƙara wuta a wannan lokacin su ne ke wayar gari su tarar sun dafa ƙwan. Ranar da aka saka ba a ƙirga ta, sai an cika awa 24 ake cewa kwana ɗaya.

Juyi

Ana juya ƙwai don kada ɗan tayi ya manne da tantanin ɓawo, kuma don jijiyoyin jininsa su bazu yadda ya kamata. Makon farko ya fi kowane lokaci bukatar wannan. Injin da ke juyi da kansa yana karkata ƙwan da kusurwar digiri 45 zuwa kowane gefe, galibi duk awa ɗaya ko biyu, amma a riƙa lura a tabbata yana motsi. Mai juyi da hannu ya rubuta X a gefe ɗaya da O a ɗaya gefen da fensir, ya juya sau 3 ko 5 a rana. A lura, adadin mara ne, ba cika ba, don kada ƙwan ya riƙa kwana a gefe guda kowane dare. A wanke hannu kafin a taɓa, don maiƙo yana toshe hujin ɓawo. Idan a tsaye aka jera ƙwan, gefe mai faɗi ne a sama koyaushe.

Laima, da yadda ƙwai ke faɗin gaskiya

Nan ne aka fi yin kuskure. Ƙa'idar da aka saba bayarwa ita ce laimar kashi 50 zuwa 55 cikin 100 daga rana ta 1 zuwa ta 18, sannan 65 zuwa 70 a kwana ukun ƙarshe. Wannan mafari ne kawai. Abin da ake nema a zahiri shi ne ƙwan ya rasa kashi 11 zuwa 13 cikin 100 na nauyinsa kafin rana ta 18. Ruwan da ke fita ta hujin ɓawo shi ke buɗe kogon iska a gefe mai faɗi, kuma a cikin wannan kogon tsako zai fara numfashi da huhunsa.

Ƙaramin sikeli ya isa a bi wannan. Ƙwai mai giram 60 ya kamata ya koma wajen giram 53 a rana ta 18, wato yana rasa kamar giram 0.4 kullum. A rana ta 9 ana sa ran ganin wajen giram 56 da rabi. Ba sai an auna ɗaya-ɗaya ba: ƙwai 30 masu jimlar giram 1,800 su koma wajen 1,585. Idan nauyin ba ya sauka yadda ya kamata, laima ta yi yawa, a rage ruwa. Idan yana zubewa da sauri, a ƙara. A lokacin damina ko wuri mai danshi, wani injin ba ya bukatar ruwa ko kaɗan a makonni biyun farko. A lokacin rani kuma sai an cika duk mazuban ruwan.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: faɗin fuskar ruwan ne ke ƙara laima, ba zurfinsa ba. Kofi cike da ruwa bai kai faranti mai ɗan ruwa kaɗan ba. Mai son ƙarin laima ya ƙara mazubi ko ya sa jiƙaƙƙen soso mai tsabta. Ruwan ya zama mai ɗumi. Kuma kada a toshe kafofin iska don a riƙe laima. Tsako yana ƙara bukatar iska yayin da yake girma, saboda haka kafofin buɗe su ake ƙara yi, har a buɗe su gaba ɗaya a kwanakin ƙarshe.

Haska ƙwai

Sai an gwada akan san na ƙwarai. A shiga ɗaki mai duhu da tocila mai ƙarfi, a ɗora bakinta a gefe mai faɗi, a rufe gefen hasken da yatsu. A rana ta 7, ƙwai mai rai yana nuna jajayen jijiyoyi sun bazu kamar saƙar gizo-gizo, da ɗan baƙin ɗigo a tsakiya, wanda ido ne, wani lokaci ma a ga yana lilo. Wanda haske ya ratsa fes, sai inuwar gwaiduwa kawai, ba shi da ɗa. Wanda aka ga jan zobe ya kewaye cikinsa babu jijiyoyi, ya fara girma ya mutu, jinin ne ya koma gefe. Idan ɓawon mai duhu ne ko ana kokwanto, a sa alamar tambaya a mayar, a sake dubawa a rana ta 10.

A rana ta 14 mafi yawan ƙwan ya yi duhu. A rana ta 18 duk ya cika baƙi sai kogon iska, wanda ya kamata ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙwan, ya ɗan karkata gefe guda. Yana da kyau a zagaye iyakar kogon da fensir duk lokacin da aka haska, sai a ga layukan suna sauka a hankali. Kada a bar ƙwai a waje fiye da minti 10.

Duk wanda aka tabbatar baragurbi ne a fitar da shi. Ƙwai mai wari, ko mai tsattsafo ɗigon ruwa launin zuma a jikin ɓawo, ya ruɓe, kuma yana iya fashewa ya watsa ƙwayoyin cuta a kan sauran. A ɗauke shi a hankali cikin leda.

Idan wuta ta ɗauke

Ƙwai ya fi jure sanyi a kan zafi. Ɗaukewar wuta ta 'yan awoyi ba ta cika kashewa ba, sai dai ta jinkirta fitowa. Kada a buɗe murfin. A lulluɓe injin da bargo, a bar kafar iska. Idan abin ya daɗe, a jingina gorunan ruwan ɗumi a jikinsa, ko a ciki idan akwai fili, ba tare da sun taɓa ƙwan ba. Da wuta ta dawo a yaye bargon nan take. Zafin da ya haura digiri 40 na 'yan awoyi yana iya kashe ƙwan gaba ɗaya. A kuma sa ido daga mako na biyu, domin 'yan tsakin da ke ciki sun fara fitar da nasu zafin, ƙaramin inji da ya cika da ƙwai yakan haura da kansa.

Kwana ukun ƙarshe

A rana ta 18 a daina juyi, a cire abin juyin, a kwantar da ƙwan a gefensa. A shimfiɗa wani abu mai kaushi a ƙasa, kamar tsohon tawul siriri ko raga, ba takarda mai santsi ba. A ɗaga laima zuwa 65 ko 70, a rufe, a bar shi haka.

A rana ta 19 tsako yana janye ragowar gwaiduwa zuwa cikinsa ta cibiya. Daga nan ya huda tantani da bakinsa ya shiga kogon iska. Wanda ya kasa kunne zai ji kuka siriri daga cikin ƙwan da bai fashe ba. Wajen rana ta 20 sai a ga ɗan tsagu mai kamar tauraro a ɓawon, wanda ya yi da wani ɗan tsini da ke saman bakinsa. Daga nan sai shiru. Shirun nan yakan kai awa 12, wani lokaci 24, kuma ba matsala ba ce: huhunsa ne ke sabawa da iska, jinin da ke cikin jijiyoyin tantani kuma yana komawa jikinsa. Bayan haka zai riƙa juyawa yana sarar ɓawon a zagaye, ya tura da ƙafa, murfin ya ɓalle, ya faɗo a jiƙe, a gajiye, kamar ba zai tashi ba. Cikin 'yan awoyi zai bushe ya miƙe.

Buɗe inji a wannan lokaci shi ne laifin da ya fi yawa. Laima tana fita cikin daƙiƙoƙi, tantanin ƙwan da aka riga aka huda ya bushe ya naɗe tsakon kamar leda, ya kasa juyawa. Waɗanda suka fito ba sa jin yunwa, gwaiduwar da suka janye tana riƙe su kwana biyu har zuwa uku. A bar su ciki su bushe, a kwashe su sau ɗaya ko biyu cikin sauri.

Ɓare wa tsako ɓawo kuwa, shawararmu ita ce a guje shi. Idan an cika awa 24 da huda babu ci gaba, kuma tantanin ya koma ruwan ƙasa ya bushe, ana iya ɓantarar ɓawon kaɗan-kaɗan ta gefen kogon iska, a shafa ruwan ɗumi a tantanin da auduga ba tare da ya shiga hancinsa ba. Idan aka ga jan jijiya ko ɗigon jini, a tsaya nan take a mayar da shi na wasu awoyi. Bai gama shiri ba, kuma jini kaɗan ne a jikinsa.

Bayan fitowa

A mayar da 'yan tsakin kwali ko akwati mai ɗumin digiri 32 zuwa 35 a makon farko, a riƙa rage kamar digiri 3 kowane mako. Su da kansu za su nuna: idan sun cunkushe ƙarƙashin fitilar da ke ba su ɗumi suna kuka, sanyi suke ji, idan sun gudu bango suna haki, zafi ya yi yawa. Ruwa ake fara ba su, a tsoma bakin kowanne sau ɗaya, mazubin kuma ya zama mara zurfi da 'yan tsakuwa a ciki don kada su nutse. Sai abincin farko na 'yan tsaki mai furotin kashi 18 zuwa 20. A tuntuɓi likitan dabbobi kan jadawalin rigakafi tun kafin su fito. Wajen rabinsu zakaru za su zama, a san yadda za a yi da su.

Fasa waɗanda ba su fito ba

A jira har rana ta 23, sannan a kashe inji, a sa safar hannu, a fasa ragowar ta gefe mai faɗi a waje. Aikin ba shi da daɗi, amma a nan ake gane inda aka kuskure.

Idan yawancinsu babu alamar jini ko kaɗan, a duba zakara: tsufa, ƙiba, ciwon ƙafa, ko yawan kaji. Mutuwa a makon farko tana nuna tsohon ƙwai, ajiya a zafi, girgizar hanya, ko zafin inji da ya wuce kima. Mutuwa a tsakiyar zango ba ta cika yawa ba, idan ta yi yawa a duba abincin iyayen, musamman ƙarancin bitamin, ko kuma datti. Cikakken tsako da ya mutu bai huda ba, ga ruwa a jikinsa ga kogon iska ƙarami, laima ce ta yi yawa tun daga farko, ya nemi iska ya tarar da ruwa. Wanda ya huda ya mutu a manne da busasshen tantani, laima ta yi kaɗan ko an yi ta buɗe murfi. Wanda kansa ke gefen tsini, ko dai an jera ƙwan a kife ko juyi bai isa ba.

Lokacin fitowa ma yana magana. Fitowa a rana ta 19 ko farkon ta 20, da ƙananan tsaki masu jan cibiya da ba ta rufe ba, zafi ne ya yi yawa. Fitowa a rana ta 22 ko 23, da manyan tsaki masu taushin ciki da danƙo a gashi, zafi ya yi kaɗan. Idan wasu sun fito da wuri wasu a makare, injin yana da gefe mai zafi da gefe mai sanyi, sai a riƙa canza wa ƙwan wuri duk 'yan kwanaki, ko kuma an haɗa sabon ƙwai da tsoho. Tsakon da ƙafafunsa suka baje gefe da gefe, santsin ƙasa ne ya jawo, kuma yana gyaruwa idan aka ɗaure ƙafafun biyu da siririn filasta, a bar tazara daidai tsayuwarsa, na kwana 2 zuwa 3. Cibiya mai kumburi da wari kuwa cuta ce daga ƙazantar inji ko ƙwai.

A rubuta abin da aka gani a littafi tare da nauyin da aka auna, a gyara abu ɗaya kawai a zubi na gaba don a gane ko shi ne sanadin. Kafin nan a kwashe ɓawo da gashin da ya maƙale a fanka, a wanke duk abin da ke cirewa da sabulu da ruwan ɗumi, a bi shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a goge wajen wayoyi da busasshen buroshi, a bar injin a buɗe ya bushe sarai kafin sabon ƙwai ya shiga.